Itacen Girki Ya Yi Tsada, Ina Dabara?

Yau zancenmu a kan murhu yake, domin duk wadda ke ɗora tukunya ta san halin da ake ciki. Ƙiraren da a da yara kan tsinto mana a bayan gari, yanzu sai mota ta yi doguwar tafiya kafin ta kawo, kuɗin motar kuwa daga cefanenmu yake fita.

Wasu na cewa daji ya ƙare, sai haƙuri. Ni ban yarda a tsaya ga haƙuri kaɗai ba. Ingila ma ta taɓa shiga wannan hali, itace ya yi tsada har mutanen Landan suka koma ƙona kwal. Da ramukan haƙar kwal suka yi zurfi, ruwa ya riƙa cika su, sai wani mai sana'ar ƙarfe, Thomas Newcomen, ya ƙera inji mai aiki da tururi a 1712 don kwashe ruwan. Jikokin wannan inji ne suka ja jirgin ƙasa, suka juya masaƙu, ƙasar ta arzuta. Amma fa ba kyauta ba, don a 1952 hayaƙin kwal ya turnuƙe Landan har ya kashe dubban mutane.

To, mu dabarar da ta fi burge ni ba ta da inji ko ɗaya. A yankin Maraɗi, tun wajen 1983, manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture maimakon su sare shi lokacin sharar gona. Sai su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, watau ba shuka, ba ban ruwa. Da haka fili wajen hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa a Nijar. Wa ya fi cin moriya? Matar da a da take wuni neman itace, ta koma ɗibar rassa a gonar gidansu, sa'an nan ta sami lokacin yin ƙuli-ƙulin sayarwa.

Saura mu na cikin gida. Murhun duwatsu uku, Allah ya jiƙan kakanni, yawancin zafinsa iska yake yi wa hidima, hayaƙin kuwa idanunmu da ƙirjin goyonmu. In aka kewaye shi da laka, aka bar ƙofa guda ta sa itace, girki ɗaya ya isa ki ga bambanci. Gas ya fi tsabta, gaskiya ne, amma ba kowane maigida ke iya cika tukunyarsa duk wata ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ku auna itacen da ake ƙonawa a gidanku cikin mako guda, ku gyara murhun, ku sake aunawa, sa'an nan ku kai wa malamin kimiyya lissafin.