RA'AYINMU: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya zauna cikin matasa a gidajen kallon ƙwallo na Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san maganar da kan fara fitowa daga bakin 'yan kallo da zarar ƙungiyarsu ta sha kashi sau biyu ko uku a jere: a kori mai koyarwa. Da a bakin 'yan kallo kaɗai maganar ta tsaya, to da sauƙi. Abin damuwa shi ne shugabannin ƙungiyoyinmu su ma sun mai da korar mai koyarwa maganin kowace irin cuta. A ganinmu wannan ɗabi'a ɓarnarta ta fi gyaranta yawa.

Misali yana nan kusa da mu. Ƙungiyar Kano Pillars ta ci kofin babbar gasar Nijeriya a 2012 da 2013 a hannun Mohammed Baba Ganaru, ta kuma ci a 2014 a hannun Okey Emordi. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasanta wuta a kan hanyarsu ta zuwa Owerri, suka raunata waɗansu daga cikinsu. Wasa ya ja da baya, kuma kafin shekarar ta ƙare aka rabu da mutumin da ya kawo kofi a shekarar da ta gabata. Daga nan masu koyarwa suka yi ta shiga suna fita, amma kofin gasar bai sake komawa Kano ba tun 2014. A 2022 ma ƙungiyar ta faɗa rukuni na ƙasa, bayan an zabtare mata maki saboda hargitsi a filin wasa. Shin mai koyarwa ne ya ta da hargitsin?

Ƙungiyar ƙasa ma ta ɗanɗana haƙuri, ta ɗanɗana gaggawa. Clemens Westerhof, ɗan ƙasar Holan, ya karɓi aiki a 1989. A wasan farko na gasar cin kofin Afirka ta 1990 Aljeriya ta lallasa mu da ci 5 da 1, amma aka bar shi ya ci gaba da gininsa. A 1994 ya ɗauko kofin Afirka a Tunisiya, ya kuma kai Nijeriya gasar duniya karo na farko a Amurka. Shi kuwa marigayi Shuaibu Amodu, sau biyu yana samar wa ƙasar nan gurbi a gasar duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyu ana sallamarsa ana saura 'yan watanni a tafi. Waɗanda suka gaje shi ko wasa ɗaya ba su ci ba a can. Ai dama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba muna cewa kada a taɓa sallamar mai koyarwa ba ne. Ƙasar Kwaddibuwa ta rabu da nata a tsakiyar gasar Afirka a watan Janairu na 2024, mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa, har ya doke mu da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe. Amma ya kamata a lura cewa ɗan gida ne ya gaje shi, wanda ya san 'yan wasan ciki da bai. Idan mai koyarwa ya ci amana, ko ya sayar da wasa, ko 'yan wasa sun daina jin maganarsa, to zamansa ba shi da amfani. Abin da muke ƙi shi ne a riƙe wa 'yan wasa albashi, a kai su wasa a gajiye bayan doguwar tafiya a mota, sa'an nan in an sha kashi a ɗora wa mutum ɗaya laifi don shugabanni su wanke kansu.

Wannan magana ta shafi Jihar Zamfara kai tsaye. Zamfara United ta taɓa fafatawa da manyan ƙungiyoyin ƙasar nan a Gusau kafin ta faɗo a 2011. Mayar da ita can aiki ne na shekaru, kuma daga ƙananan hukumomi zai faro, inda masu koyarwa ke tara yara a filayen makarantu, sau da yawa ba tare da ko sisin kwabo ba. A yankin da rashin tsaro ya addaba, duk yaron da filin ƙwallo ya riƙe da yamma riba ce ga al'umma. Idan aka kunyata malaminsa aka kore shi saboda wasa uku, yaran ne za su watse.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar wasanni ta jiha, da shugabannin ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, da attajiran da ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyi, su riƙa ba mai koyarwa yarjejeniya a rubuce ta aƙalla shekara biyu, a faɗa masa abin da ake so ya cim ma. A biya shi haƙƙinsa da na yaransa a kan kari, a bar masa zaɓen 'yan wasa ba tare da katsalandan ba, a kuma jinkirta yi masa hukunci sai ƙarshen kaka. Wanda aka cika wa waɗannan sharuɗɗa ya kasa, sai a sallame shi cikin mutunci. Allah Ya sa masu iko su ji, su gyara.