Mai Tsaron Ƙofar Gwamna: Wa Ya Zaɓe Shi?

'Yan uwa, a cikin tsarin nan da ake kira dimokuraɗiyya akwai wani muƙami wanda ba a kaɗa masa ƙuri'a, amma sau da yawa ya fi kwamishinoni ƙarfi. Shi ne Shugaban Ma'aikatan Gidan Gwamnati. Kwamishina sai Majalisar Dokokin Jiha ta tantance shi. Wannan kuwa gwamna ne kawai zai wayi gari ya naɗa nasa, ba majalisa ba shawara. Ko sunan muƙamin babu a tsarin mulkinsu na 1999. Obasanjo ne ya kwaikwayo shi daga Amurka a wannan shekarar, gwamnoni suka bi sahu.

Mene ne aikinsa? Shi ke tsara wanda zai ga gwamna da wanda zai koma gida da takardarsa a aljihu. Shi ke sanin fayil ɗin da zai hau tebur yau da wanda zai kwana a ƙasa. Kunnen gwamna a hannunsa yake. Wanda ya ga zamanin Abba Kyari a fadar Buhari, har ya rasu a 2020, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mu dawo gida. Aminu Bello Masari, ɗan Ƙafur, ya hau kujerar gwamna a 2015, ya ɗauki Bello Mandiya a wannan muƙami. A 2019 Mandiya ya zama Sanatan shiyyar Funtua mai ƙananan hukumomi 11, har zuwa 2023. Ka ga tsani ke nan: daga bakin ƙofa zuwa Abuja. Ni ban zo yin shari'a da mutum ɗaya ba. Tambayata ita ce, shekara takwas gwamna namu ne, a huɗun farko mai ƙofarsa ma namu ne, to kukan manomin Faskari da Sabuwa da Dandume ta wace ƙofa ya shiga? A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A 2021 aka katse layukan waya a Funtua da Malumfashi da Bakori, gwamna da bakinsa ya ce talakawa su nemi makami su kare kansu. Gonakin masara da auduga da yawa suka koma daji, mai gona na gudun hijira a cikin gari. Subhanallah!

Musulunci bai hana shugaba mataimaki ba. Annabi Musa (AS) da kansa ya roƙi Allah ya ba shi Haruna. Sarkin Musulmi Bello yana da Waziri Giɗaɗo. Amma Fir'auna ma yana da Hamana. Abin dubawa shi ne me wazirin ke kai wa kunnen shugaba, kuma wa yake tsoro in ya kaɗaita.

Ku tuna da Sayyidina Umar (RA). Labari ya iske shi cewa gwamnansa na Kufa, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya sa ƙofa tsakaninsa da jama'a saboda hayaniyar kasuwa. Sahabi ne fa, cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna! Duk da haka Umar ya tashi Muhammadu ɗan Maslama takanas daga Madina, ya je ya ƙone ƙofar. Mu kuwa a nan ƙofar ce aka yi wa ofis da motoci da 'yan sanda, har matasanmu na rububin wanda zai riƙe wa mai ƙofar jaka.