Sanin Cikin Kuba Ba Sata Ba Ne

Akwai wani ilmi da muka sallama wa ɓarayi ba tare da an tambaye mu ba, watau sanin yadda kuba take aiki da yadda ake buɗe ta in mabuɗi ya ɓace. Duk wanda ya nuna sha'awar wannan abu a cikinmu, nan da nan sai a fara yi masa kallon hadarin kaji, a ce me yake nema. Ni kuwa ra'ayina shi ne ya kamata ɗalibi ko matashin ma'aikaci ya ɗauki wannan a matsayin abin yi na lokacin hutu, kamar yadda wani yake kiwon tantabaru, wani kuma gyaran rediyo. Kuma in zai fara, ya fara da kuba mai liba, irin wadda ake dasawa a cikin ƙyauren katako, mai dogon mabuɗi da haƙora a bakinsa.

Mu da muka fito daga ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan mun san abin da ke bayan ƙofa. Manomin Ikara in ya sussuke masararsa ya busar da barkononsa, ɗaki guda yake zuba wahalar shekara. Ɗan kasuwar Maƙarfi da ya sayar da rake ko mazarƙwaila, a shago yake barin kuɗin ciniki ya tafi masallaci. A Hunkuyi, hedkwatar Kudan, da sauran garuruwanmu, takin zamani da injin ban-ruwa duk kulle su ake yi. Amma tambayi mai wannan dukiya yadda ya zaɓi kubarsa ko kwaɗonsa. Zai ce maka ya jinjina ya ji nauyi, ya ga yana walƙiya. Alhali kuwa nauyi ƙarfen waje ne, tsaro a ciki yake.

Ga abin da ke cikin. In ka kwance kuba mai liba, za ka tarar da sakata, wadda ita ce ke shiga jikin dogaran ƙofa. A jikin sakatar akwai wani ɗan turke. Kusa da ita an jera wasu 'yan falle-fallen tagulla, ɗaya bisa ɗaya, kowanne da siririn ƙarfe mai danna shi ƙasa. Su ne liba. An yanka wa kowace liba wata kafa, kuma sakata ba za ta motsa ba sai kafofin nan duka sun daidaita a gaban turken ya sami hanyar wucewa. Haƙoran mabuɗi ba tsawonsu ɗaya ba, domin kowane haƙori aikinsa ya ɗaga libarsa zuwa inda aka ƙayyade mata, ba ƙasa ba, ba sama ba. Shi ke nan asirin. Wanda ya ga wannan sau ɗaya da idonsa ya gane abin da ya sa ake buga adadin liba a fuskar kuba. A ƙaddara kowace liba tana da matakai 6: kuba mai liba 2 ba za ta wuce mabuɗai iri 36 ba, amma mai liba 5 a lissafi ta kai 7,776, ko da yake a aikace ba su kai haka ba. Don haka ne a gidan haya sau da yawa mabuɗin wannan ɗaki yake buɗe na maƙwabci, har a yi ta zargin juna a banza. Don haka ne kuma kamfanonin inshora a Ingila suka saba neman a sa mai liba 5 a ƙofar waje.

Masu suka za su ce koya wa mutane wannan koya wa ɓarawo ne. Wannan gardama tsohuwa ce, kuma tarihin kubar kanta ya amsa ta. A 1778 Robert Barron na Ingila ya fito da dabarar cewa liba in an ɗaga ta fiye da kima ita ma ta tare sakata. A 1818 Jeremiah Chubb ya ƙara wata: in mai taɓa kuba ya zarce da liba ɗaya, sai kubar ta cije, mai ita ya dawo ya gane an taɓa masa. Shekaru fiye da 30 mutanen Ingila suna barci da imanin cewa babu mai buɗe ta. Sai a 1851, lokacin babban baje kolin London, wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya buɗe kubar Chubb a gaban shaidu cikin ƙasa da awa guda. Bai tsaya nan ba, ya juya kan kubar Joseph Bramah, wadda ita ba mai liba ba ce, wadda kuma aka kafa a tagar kanti shekara da shekaru tare da alkawarin gini 200 ga duk wanda ya buɗe. Ta ci masa awa 51 a cikin kwana 16, amma ta buɗu, aka biya shi. Hankalin masu banki ya tashi ƙwarai. To, me ya biyo baya? Maƙeran kuba suka koma maƙera suka gyara aikinsu. Da Hobbs ya yi shiru, raunin yana nan, sai dai wanda zai gano shi da dare zai zo, kuma ba zai kira shaidu ba.

Ban da haka ma, mu faɗa wa juna gaskiya, ɓarawon ƙauyenmu ba shi da haƙurin wannan aiki. Ƙarfe yake sawa ya ɓalle marataya, ko ya huda katangar ƙasa ta baya, ko ya yaye kwano. Buɗe kuba da waya aikin mai natsuwa ne wanda ba ya tsoron haske.

Yadda ake farawa ba shi da tsada. Ka je wurin kafinta ko masu sayar da tsofaffin kayan gini a Zariya, ka sayi tsohuwar kuba mai liba 2 ko 3, da mabuɗinta in an samu. Ka kwance murfin a kan tire don kada ƙananan kaya su watse, ka lura da yadda aka jera libobin kafin ka taɓa su. Sa'an nan ka sa mabuɗi ka juya a hankali murfi a buɗe, kana kallon yadda suke tashi. Yi wannan har ya gundure ka. Bayan haka ka cire duka ka bar liba guda. Kayan aiki biyu ne: ɗaya ƙarfe ne da zai riƙa tura sakata kaɗan, yawanci tsohon mabuɗi ne da aka goge haƙoransa da magagari aka bar na turin sakata kawai, ɗayan kuma waya ce mai ƙarfi da aka lanƙwasa bakinta don ɗaga liba. In ka tura sakata, turken zai matse liba. Ka ɗaga ta sannu har ka ji ta ɗan saki, alamar kafa ta zo daidai. In ka iya da guda, ka mayar da ta biyu. A nan za ka gano abu mafi ban sha'awa a dukkan sana'ar: babu injin da yake yanka ƙarfe biyu daidai wa daida, saboda haka kullum liba ɗaya ce ke fara matsuwa kafin 'yar'uwarta, ita za ka nema ka fara da ita. Kuskuren sabon shiga ƙarfi ne. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira, kuma a nan ɗan yatsa yake ji abin da ido ba ya gani. Ɗalibin injiniya da aka yi wa lacca a kan ratar da ake bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe, a nan zai taɓa ta da hannunsa.

Malamai kuwa muna da su, raina su kawai muka yi. Mutumin nan da ke zaune a bakin kasuwa da tarin mabuɗai a zare da magagari a hannu ya san abin da babu shi a littafin makaranta. A Jamus tun 1997 akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa mai rajista, a Holan ma akwai wadda ake kira TOOOL, har gasa suke shiryawa a fili. Mu ba sai mun kai can ba. Ƙungiyar ɗalibai tana iya gayyatar mai yankan mabuɗi wata Asabar, a biya shi ladan yininsa, a kira shi malam domin a ranar shi ne malam.

Ga matasan ma'aikata amfanin ya fi kusa. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin ƙofar ofis da aka ɓalle da guduma ba don mai riƙe da mabuɗi an yi masa canjin wurin aiki? A lalata ƙyaure da dogaransa, a rubuta takardar neman kuɗin gyara, a jira wata uku, fayil-fayil kuwa suna kwana a buɗe. Ma'aikacin da ya san cikin kuba ba lalle ne ya buɗe da kansa ba, kuma bai kamata ya yi ba sai da izinin shugabansa a rubuce. Amma zai san a kira mai sana'a maimakon mai guduma, kuma ranar da ɗan kwangila ya kawo kuba mai liba 2 don ɗakin ajiya, zai iya cewa a mayar.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma ba na wasa ba ne. Kada ka taɓa kubar da ba taka ba, ko da ta abokinka ce, sai ya ce ka taɓa yana tsaye. Kada ka gwada a kan ƙofar da ake amfani da ita, domin liba tana iya cijewa ka kwana a waje, kuma ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai ta makaranta ce, ba taka ba. Kayan aikinka su zauna a akwati a gida. Dokar ƙasa tana hukunta fasa gida, kuma wanda 'yan sintiri suka tare da dare da lanƙwasasshiyar waya a aljihu zai sha wuya kafin ya kai ga bayani. A kasuwa kuwa in aka yi ihun ɓarawo, ba a tsayawa jin tarihin Hobbs. Ka sanar da mahaifinka ko mai unguwa abin da kake koyo tun kafin su ji a bakin wani, kuma in dattijo ya kawo maka akwatin da mabuɗinsa ya ɓace, ka buɗe shi a zaure, a gaban mutane.