Kafin a ɗora wa mai kwamfuta faktir, a auna tukuna

Jama'a, a gidajen haya na Maraɗi da Damagaram da Yamai, inda ɗaki biyar ko shida ke kan kontar guda, ranar zuwan faktir ranar rigima ce. Wanda aka fi nuna wa yatsa kuwa shi ne ɗalibi ko mai buga takardu da ke da babbar kwamfuta ta tebur. "Ai injinka ne ke shanye kuran." Mu dai a ganinmu wannan hukunci ne ba shaida.

Abin da ke ruɗa mutane lambar nan ce da ke jikin akwatin wutarta, wat 300 ko 450. Wannan iyakar abin da akwatin ke iya bayarwa ne, ba abin da take ci kullum ba.

Awon kuma ba ya bukatar ko dala. A kashe komai na gidan, har frigo, a bar kwamfuta da allonta. Kontar na zamani yana da ƴar fitila mai ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta lamba. In 1000 ce, a ƙirga ƙyaftawar minti 6, a ninka da 10, wat ɗin ke nan. In wata lamba ce, a ninka amsar da 1000 a raba da lambar.

A ce an samu ƙyaftawa 8, wato wat 80. Awa 8 kullum, a wata bai cika kilowat 20 ba. To, dutsen guga mai wat 1000, minti 40 a rana, ya kai haka. Amma wa ya taɓa jin an yi wa mai guga taro? Balle abin dafa ruwa lokacin ɗari.

Ba mu ce kowace kwamfuta salaha ce ba. Ta wasanni tana iya wuce wat 300, tsohon allo mai ƙeya ya fi shafaffe ci nesa ba kusa ba, onduler ma yana jan nasa ko an kashe injin. Mai irin waɗannan ya biya rabonsa, ba gardama.

Masu sayen pano ma abin ya shafe su. Tun da Najeriya ta katse mana kuran a watan Agustan 2023, da yawa sun koma ga hasken rana, kuma wanda ya yi lissafi da 450 zai zuba jikkunansa a batirin da ya fi bukatarsa.

Mai gida, tara ƴan hayarka wata Lahadi, a kunna kayan kowa ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga a gaban kowa.