Fim ɗin kwalba da abin da hazo ya ɓoye mana

Ranar da za a ba da hutun ƙarshen shekara na yi wa ƴan ajina alkawarin kallo. Sun sha wahalar shirin jarrabawa, ni ma na sha tawa, na ce to bari mu rabu da dariya. Na ari majigi wajen wani abokin aiki, na shiga kasuwa wajen masu tura finafinai a waya na ce a sa mini fim ɗin kwalba. Yaron shagon bai kai shekara ashirin ba, amma bai tambaye ni wanne ba. Cikin minti biyu ya miƙo mini katina, na biya dala ashirin na kama hanya.

Wanda ya girma a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san fim ɗin da nake nufi. Da Turanci sunansa The Gods Must Be Crazy, da Faransanci kuma Les dieux sont tombés sur la tête. Mu dai a unguwarmu ba wanda ya taɓa kiransa da ɗayan biyun, kuma da iyayenmu sun san ma'anar sunan da wataƙila an hana mu kallo. Jamie Uys, wani Bature ɗan Afirka ta Kudu, shi ya shirya shi, ya fito a 1980. Matuƙin ƙaramin jirgin sama ya gama shan Coca-Cola ya jefo kwalbar a hamadar Kalahari, ta faɗo kusa da wasu mutane da ba su taɓa ganin irinta ba. Ta yi musu amfani kala-kala, amma ɗaya ce tak, sai ta jawo rigima a gidan da ba a san rigima ba. Mutumin da ya tsince ta, Xi, ya ɗauke ta zai kai ta bangon duniya ya yar. A hanya ya gamu da wani mai binciken kashin giwa wanda hannuwansa ke rawa in ya ga mace, da wata ƴar jarida da ta bar birni ta zo karantarwa a ƙauye, da wasu ƴan tawaye da ke gudun soja.

Da na haska abin da aka tura mini a bangon aji, sai jikina ya yi sanyi. Fuskoki sun narke, rairayi da sama sun zama launi ɗaya, duk wanda ya yi gudu sai ya farfashe ya koma ƴan murabba'ai kamar tabarmar da aka saƙa da hannun hagu. An yanke gefe da gefe, magana tana riga baki ko baki ya riga magana. Yaran sun yi dariya, ba zan ce ba su yi ba. Amma na zauna a baya ina sauraron inda suke dariyar, na ga ba a wuraren da muke yi ba ne. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Shi irin wannan fim, ido ake yi wa shi. Uys ya bi hanyar tsofaffin finafinan barkwanci na zamanin da sinima ba ta magana: mutum ɗaya, abu ɗaya da ya ƙi ba shi haɗin kai, da fili. Ku tuna wurin ƙofar shinge. Motar nan Land Rover ba ta da birki, kuma in ta mutu ba ta sake tashi. Dole mai kashin giwa ya sauka ya buɗe ƙofa motar na gangarawa, ya sheƙa ya kamo ta, ya dawo, ta sake suɓucewa. Daɗin wurin duk yana ga ganin abubuwa uku a lokaci guda: ƙofar, motar, da mutumin da ke kai-kawo tsakaninsu. An ɗauki fim ɗin ne da faɗi don allon sinima. Wanda ya matse shi don ya cika tele mai kusurwa huɗu ya jefar da kusan rabin hoton, wanda ya sake matse shi don waya ya ƙarasa abin da ya rage. A kwafin da na samu, mutum kawai ake gani yana gudu ya fita daga hoto ya dawo. Yaran suka yi shiru suna jiran abin dariyar ya zo, ba su san ya wuce ba.

Kada a ce ina kukan zamanin da ne, don mu ma ba mai kyau muka gani ba. Karon farko da na kalle shi, a wani gidan kallo ne bayan tasha, dala biyar kuɗin shiga, a kan benci, inji na ruri a waje. Baƙi da fari na gan shi, kuma na yi shekaru ina rantsuwa haka aka yi shi. Sai da na shiga makarantar horon malamai wani mai gyaran tele ya warware mini: telolinmu na Nijar tsarin SECAM suke bi irin na Faransa, kaset ɗin kuwa daga Najeriya ya ƙetaro, can kuma PAL suke. In ka haɗa su hoto zai fito, launi ya maƙale a kan iyaka. Bayan kaset aka shiga zamanin VCD, mai ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsaye, wanda faifai ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti tamanin. Fim ɗin ya kusa awa biyu, don haka faifai biyu ne, kuma na biyun shi ne kullum yake ɓata ko ya karce. Ina da abokin da har ya yi aure bai san ko Xi ya kai bangon duniyar ba. Sai DVD ya zo da ɗigo 720 da 576, muka ce an huta. Ashe ƴan kasuwa sun gano za a iya cusa fim goma sha biyar a faifan da aka yi don ɗaya. Kowane sabon abu ya zo da damar gyara, mu kuma muka yi amfani da damar wajen ƙara yawa.

Akwai wani ƙaramin abu da masu sana'ar suka sani. Sinima hoto 24 take nunawa a daƙiƙa, telen ƙasashenmu 25, saboda haka duk fim ɗin da aka juyo mana yana ɗan ƙara sauri. A wani fim ba za ka lura ba. Shi kuwa Uys da gangan ya riga ya ƙara wa wurare da yawa sauri don a yi dariya, ya auna abinsa daidai. In aka ɗora sauri a kan sauri, sannan aka cire wasu hotunan don fayil ya yi sauƙi, sai motsin da aka tsara ya koma fizge-fizge kawai.

To amma ba ƙofar shinge ce ta hana ni barci ba. Da hoto ya lalace, abin da ya rage wa yara su yi wa dariya shi ne mutumin da kansa: ɗan ƙarami, ba riga, yana magana da ƙas-ƙas a baki. Fuskarsa ba ta fitowa, alhali fuskar nan ita ce rabin fim ɗin. A kwafi mai kyau za ka ga yadda yake kallon Turawan nan da tausayi, kamar dattijo na kallon yara suna shirme. Shi ne mai hankalin labarin, su ne wawayen. A kwafina kuwa ya zama wata baƙar inuwa mai tsalle. Harshensa, wanda ake kira Ju/'hoan, yana da sautukan da ake fitarwa da kaɗa harshe, kuma su ne farkon abin da matse sauti yake mayarwa ƙara marar ma'ana. Kafin mu watse na ji wasu suna kwaikwayonsa suna nuna wani yaro da ya zo mana daga ruga a tsakiyar shekara, wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba tukuna. Yaron bai ce komai ba, ya ɗauki jakarsa. Ni na kawo fim ɗin, ni na haska shi.

Na tsayar da su na ce wa ɗaya ya rubuta ɓarawo, ɗaki da ƙarfe a allo, na tambaye su ko sun taɓa jin Bafaranshe ya faɗe su daidai. Suka yi dariya suka ce a'a, Mushe. Na ce to ku ma a kunnen wani ƙas-ƙas kuke yi. Ban sani ba ko ta shiga. Hutu ne a ransu.

Wani zai ce ai laifin fim ɗin ne tun asali, kwafi bai ƙara komai ba. Akwai gaskiya a nan, kuma ba ƙarama ba. An yi shi ne a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, aka fitar da shi waje da sunan fim ɗin Botswana a lokacin da duniya ke ƙaurace wa kayan Afirka ta Kudu. Muryar mai ba da labari a farkonsa tana magana kamar shirin ilimi, tana cewa mutanen nan suna zaune lafiya ba su san duniyar waje ba. Wanda ya fito a Xi, N!xau, ɗan Namibiya ne daga yankin Tsumkwe, kuma a wancan lokacin Namibiya tana hannun Afirka ta Kudu, sai 1990 ta samu ƴanci. A shekarar da fim ɗin ya fito, wani Ba'amurke mai suna John Marshall ya fitar da nasa na gaskiya a kan wata mata daga wannan yanki, mai suna N!ai. A ciki ana ganin mutanen an tara su wuri ɗaya suna karɓar rabon gari, tarin fuka na cinsu, sojojin Afirka ta Kudu na ɗibar samarinsu, har da wurin da ake nuna ƴan fim ɗin kwalba suna ta maimaita ɗaukar wani fage. Shi kansa N!xau, abin da aka fi ruwaitowa shi ne ƴan ɗaruruwan dala ya samu a fim na farko, dalar Amurka ba tamu ba, alhali fim ɗin ya tara miliyoyi bayan ya shiga Amurka a 1984. A na biyu, na 1989, ya riga ya san kuɗi, ya karɓi mai kauri. Baƙaƙen ƴan tawaye da ƴan gwamnatin da ke cikin labarin kuma, kowa ya ga yadda aka zana su.

Duk wannan na yarda da shi. Amma ku lura ta ina ake sanin sa. DVD na asali da ya fito a 2004 yana ɗauke da ƙarin wani ɗan gajeren shiri, Journey to Nyae Nyae, inda aka je har gida aka sami N!xau cikin riga da wando kamar kowa, yana zaman rayuwarsa, har zuwa rasuwarsa a 2003. Wannan shi ne abu na farko da masu matse finafinai ke zubarwa, don yana cin wuri kuma ba a dariya a ciki. Wato kwafin kasuwa ya rage wa fim ɗin abin da yake da shi na kyau, ya cire abin da zai gyara ƙaryarsa, ya bar mana ƙaryar tsirara. Da ina da wancan faifan, da minti ashirin da ƴan kai sun yi mini aikin da na kasa yi da alli.

Ba zan ɗora wa yaron shagon laifi ba. Ya ba ni abin da kowa ke nema: fim mai sauƙi da zai shiga kati tare da waƙoƙi da wa'azi da finafinan Indiya na fassara. DVD ɗaya cikakke ya haura giga huɗu, kuma mun san kuɗin intanet a ƙasar nan. Ba kuma shagon da zan shiga a garinmu in sayi na asali ko da ina da kuɗin. Da ba don waɗannan yaran da iyayen gidansu masu kaset ba, da ba mu ga komai ba. Abin da nake roƙonsu kaɗan ne. Su ajiye kwafi biyu a kwamfutarsu, ƙarami na waya da babba na wanda zai haska wa jama'a, su tambayi mai saye wanne yake so. Ni da na biya ninki uku ba tare da ciniki ba. Kuma su daina yanke gefe don a cika allo. Baƙin layin nan na sama da ƙasa da mutane ke ƙorafi a kai, shi ne shaidar ba a sace maka komai ba.

Mu malamai kuma, laifina shi ne ban kalli abin ba kafin in haska. Ba ma shiga aji da littafin da aka yage wa rabin kowane shafi, amma fim muna ɗaukarsa abin wasa, sai mu ce ai na yara ne.

Fim ɗin kwalba dai yana da gata, a kan fim na sinima aka ɗauke shi, akwai kamfanin da ke riƙe da shi, duk ranar da suka ga riba za su iya wanke shi. Waɗanda nake jin tsoro a kansu namu ne. Finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro na farko-farko da kyamarar bidiyo aka yi su, a kaset da VCD suka yaɗu. Ya rasu a Disamba 2014, kuma abin da ke yawo a wayoyi yanzu kwafin kwafin kwafi ne. Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa shekaru da yawa ya rasu a 2015, ya yi fim ɗin barkwanci tun 1972 a kan mata da gida da mota da kuɗi, FVVA. Na tambayi malamai bakwai a makarantarmu, ɗaya ne ya taɓa jin sunansa, shi ma bai gani ba.

Yaron rugar nan ya ci jarrabawa, zai tafi kolej in an koma. Na aika wa wani ɗan uwana da ke Yamai ya nemo mini faifan 2004 ko da na hannu ne. Ya ce zai duba.