Kada a Bar Dangin Dankali na Daji Su Salwanta

Dankalin Hausa da ake soyawa a bakin tasha asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake. A can har yau danginsa na daji suna yaɗo a gefen hanya da bakin gona, ba mai shuka su, ba mai ba su ruwa. Mafi kusa da shi shi ne wanda masana ke kira Ipomoea trifida, da ake samu daga Meziko har Kolombiya. Saiwarsa siririya ce, ba abin da za a sa a tukunya. Amma ya daɗe yana jure zafin rana da cututtuka, kuma wannan juriya ce masu kyautata iri ke nema.

Duk manomin da ya taɓa haƙo dankali ya tarar ƙwaro ya huda shi ya bar shi da ɗaci, ya san amfanin iri mai ƙarfi. Haɗa na gida da na daji aiki ne mai wuya: na gida kromosom 90 gare shi, na dajin galibi 30. Yana cin shekaru da kuɗi.

Cibiyar Dankali ta Duniya da aka kafa a Lima ta ƙasar Peru a 1971 tana adana waɗannan iri, yayin da sare daji ke cinye mazauninsu. Najeriya na sahun gaba wajen noman dankali a Afirka, don haka abin ya shafe mu. Muna kira ga gwamnati ta wadata cibiyar binciken amfanin saiwa ta Umudike da kuɗi, domin ingantaccen iri ya kai hannun manomanmu.