Zauren Iyali: Jita da Gurmin Haruna Uji

Wasiƙu sun taru a wannan wata, amma guda ɗaya zan ɗauka, gama ta tsaya mini a rai tun ran da na karanta ta. Daga Haɗejiya ta fito, daga hannun wani yaro ɗan shekara 17, wanda ya roƙe ni kada in ambaci sunansa.

Ga maganarsa a taƙaice. Akwai wata tsohuwar jita a gidansu, ta ƙanen ubansa ce wanda ya rasu. Sa'ad da ruwa ya ci unguwarsu a ambaliyar 2022, kaya da yawa sun lalace, amma jitar ta tsira domin tana rataye a jikin azara. Yaron ya ɗauke ta, ya koyi danna tsirkiya uku uku yadda matasa suke yi a ƙungiyar mawaƙa, har yana iya raka waƙa. Sai ya ce bari ya gwada waƙoƙin marigayi Haruna Uji, gama kakarsa ba ta da mawaƙi kamarsa. Ya kaɗa mata. Tsohuwa ta saurara, ta ce, "Jikana, wannan surutu ne, ba Uji ba ne." Ubansa kuwa ya ce in ya sāke jin ƙarar jitar nan a gidan, zai kai ta kasuwa, gama bai haifi maroƙi ba. Yaron ya rufe wasiƙarsa da tambaya biyu: "Baba, me ya sa kiɗan bai fita ba? Kuma me zan yi da babana?"

Ɗana, zan fara da ta farkon, domin ta fi sauƙi.

Kakarka ta faɗi gaskiya, kada ka ji haushinta. Haruna Uji mutumin garinku ne, da gurmi kuwa ya yi suna, har waƙoƙinsa irin su "Jummai" da "Balaraba" suka zaga ƙasar Hausa ta rediyo da kaset. Gurmi kuwa ba jita ba ne. Rabin duma ne aka rufe da fata, aka sa masa sanda, aka ɗaura tsirkiya biyu, wani lokaci uku. Mai gurmi ba ya share tsirkiyoyi duka a bugu ɗaya. Ɗaya ɗaya yake tsinka, yana maimaita wani gajeren zagaye na kiɗa, murya kuma tana tafiya a kansa kamar kwalekwale a kan ruwa. Kai kuwa ka ɗauki ɗan roban nan ka yi ta sharar tsirkiya shida gaba ɗaya. Muryoyi sun yi yawa, sun rufe waƙar. Shi ne surutun da tsohuwa ta ji.

Saboda haka abu na fari, ajiye roban. Babban yatsa da manuni na hannun dama sun ishe ka. Ka bar farcensu ya ɗan fito kaɗan, na hannun hagu kuwa ka yanke su ƙasa sosai, in ba haka ba ba za ka iya danna tsirkiya da kan yatsa ba.

Abu na biyu zai ba ka mamaki. Ku da kuka saba da do, re, mi kun san muryoyi bakwai ne. Amma yawancin waƙoƙinmu na gargajiya biyar suke amfani da su: do, re, mi, so, la. Ba fa, ba ti. To, in an ɗaure jita yadda aka saba, wato E, A, D, G, B, E, ka kuma ɗauki G a matsayin do, tsirkiyoyin nan shida duka, ba tare da ka danna kome ba, suna cikin muryoyin nan biyar. Na daɗe ina riƙe da jita kafin in lura da wannan, ran da na gane kuwa sai da na yi wa kaina dariya.

Ga yadda za ka same su. Ka fara ƙirga tsirkiya daga mafi siranta, wadda take ƙasa in ka rungumi jitar. Ta uku a sake, ita ce do. Ka danna ta a gida na biyu, ka sami re. Ta biyu a sake, mi. Ka danna ta a gida na uku, so ke nan. Ta fari a sake, la. Ka danna ta a gida na uku, ka kai do na sama. Ta huɗu a sake kuwa so ce ta ƙasa, ita da ta uku su ne gonar babban yatsa. Wannan ɗan fili ya ishe ka wata shida. Kada ka yi ɗokin hawa wuyan jita zuwa sama, ba abin da ka ajiye a can tukuna.

Sa'an nan ka zaɓi waƙa ɗaya tak. Ka sa ta a waya, ka saurara kwana bakwai ba tare da ka taɓa jita ba. Na san wannan zai yi maka wuya, gama hannun yaro ba ya son zama. Amma ka kau da kunnenka daga muryar mawaƙin, ka bi gurmin kaɗai, har ka iya yin zagayen da bakinka, kana tafiya gona, kana ɗebo ruwa. Abin da baki bai iya ba, yatsa ba zai iya ba. In kana samun intanet, YouTube yana da wurin rage saurin waƙa zuwa rabi ba tare da murya ta sauka ba. Mu a zamaninmu sai dai mu yi ta mai da kaset baya da biro don kada batir ya ƙare.

Za ka tarar muryar tsohon kaset ba ta dace da jitarka daidai ba. Ba laifinka ba ne. Mai gurmi da muryarsa yake auna tsirkiya, ba da na'ura ba, kaset kuma da ya sha juyi yakan ƙara gudu ko ya rage. Ka nemi muryar da waƙar take komawa ta huta a kanta, ita ce gida. Sai ka matsa ko ka sassauta tsirkiyoyinka duka kaɗan har su dace. In tazarar tana da yawa, ka ɗora fensir a gicciye a kan tsirkiyoyin, a gida na fari ko na biyu, ka ɗaure shi da roba ta bayan wuyan jitar. Muryoyin duka za su hau tare.

Yanzu ga wurin da yawancin masu koyo suke karaya. Babban yatsa zai riƙe zagayen ƙasa, yana kai da komowa tsakanin tsirkiya ta huɗu da ta uku, ba ya fasawa, kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya. Manuni kuwa yana tsintar muryoyin sama a tsakanin bugun. Da fari, da zarar manuni ya motsa, babban yatsa zai tsaya. In ka buɗe baki ka yi waƙa, su biyun su tsaya. Kowa haka ya fara. Maganinsa shi ne ka bar babban yatsa ya yi aikinsa shi kaɗai, a hankali ƙwarai, har ka iya amsa gaisuwar mai wucewa bai ɓata ba. Sai ka ƙara bugun manuni guda ɗaya kurum a cikin zagayen. In ya zauna, ka ƙara na biyu. Minti 20 kowace rana ya fi sa'a uku ran Asabar. Kan yatsun hagu za su yi zafi mako biyu ko uku, daga nan su yi kanta, zafin ya wuce. In tsirkiyar ƙarfe ta gagare ka, ka sassauta ta kaɗan. Amma in jitar ta tsirkiyar roba ce tun asali, kada ka kuskura ka sa mata ta ƙarfe, za ta lanƙwasa wuyan ko ta ɓalle jakin da tsirkiya take hawa.

Har wa yau, jita tana da dogon amo, gurmi kuwa amonsa gajere ne, busasshe. Ka yage ɗan tsumma mai laushi, ka saƙa shi tsakanin tsirkiyoyin dab da jakin, ko ka ɗora gefen tafin hannunka a wurin a hankali. Za ka ji ƙarar ta ɗan mutu, ta matso kusa da ta duma. Ba za ta taɓa zama gurmi ba, amma tsohuwa za ta gane hanyar.

Wani abu kuma da littafin koyon jita na Turawa ba zai gaya maka ba, harshenmu da kansa yana da hawa da sauka. Kuka da ake miya da ita da kuka na hawaye, rubutunsu ɗaya, muryarsu ce ta raba su. Mawaƙin Hausa yana lura da wannan, yana kuma lura da gaɓa mai tsawo da gajera. In ka tilasta wa kalmomi su bi kiɗan da ka koya a wani wuri, za ka murɗe su, mai ji ya ji kamar baƙo ne yake waƙa. Ka furta baitin da magana tukuna, ka ji inda ya hau da inda ya sauka, sa'an nan ka bar manuni ya bi shi.

Kada ka zaci kai ne na fari da ya ɗauko kiɗan gida ya ɗora a jita. Ali Farka Ture na ƙasar Mali, mutumin Niyafunke a bakin kogin Kwara, da ƙananan kayan kiɗan garinsu masu tsirkiya ɗaya ya fara. Daga baya ya mai da salon kan jita, duniya ta saurare shi, har faifan da ya yi da Ry Cooder a 1994 ya ci kyautar Grammy a Amurka. Duk da haka manomi yake kiran kansa, ya kuwa riƙe gonarsa har ya rasu a 2006. Ka riƙe wannan magana ta gona, za mu komo kanta.

Kafin in wuce, ka kula da jitar kanta. Ƙasarku tana da damina mai laima, ga fadama kewaye da ku tun daga Auyo har Guri da Nguru, sa'an nan hunturu ya zo ya busar da kome. Itace yana kumbura, yana kuma ƙanƙancewa. Ni tawa ta fari a hunturu ta tsage, domin na bar ta a jingine inda rana take shigowa ta taga. Ka nannaɗe ta da zane, ka rataye ta a inuwa nesa da murhu. In za ka daɗe ba ka taɓa ta ba, ka sassauta tsirkiyoyin.

To, sai tambaya ta biyu.

Ɗana, babanka ba mugu ba ne. A ƙasar Hausa tun dā kiɗa sana'a ce ta gado, kuma an haɗa ta da roƙo, har akwai gidajen da ba sa ba makaɗi 'yarsu. Ko da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, ko da yake Ɗan Maraya Jos ya zaga ƙasashe da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya kafin ya rasu a 2015, wannan tunani bai fita daga zukatan dattawa ba. Amma ina zaton ba wannan kaɗai ke damun babanka ba. Ka faɗa a wasiƙarka, kamar ba kome ba, cewa mai jitar nan ya bar gona ya tafi Kano bin kiɗa, ya komo gida da ciwo, bai tashi ba. Kai kiɗa kake ji in ka taɓa tsirkiya. Shi ƙanensa yake ji.

Saboda haka ba zan ce maka ka ɓoye jitar a gidan aboki kana kaɗawa a asirce ba. Ran da ya gane, ka rasa jita, ka kuma rasa yardarsa, ta biyun kuwa ba a sayar da ita a kasuwa. Ka rataye ta inda take dā. Ka sami kakarka, gama ita ce uwarsa, ita kuma ta haifi marigayin. Ka gaya mata abin da kake so da abin da ba ka so, wato ba za ka bar makaranta ba, ba za ka guje wa aikin shinkafa ba, ba kuwa za ka bi gidajen biki kana miƙa hannu ba. Ka roƙe ta ta yi masa magana. Ka kuma yarda da sharaɗin da zai gindaya, ko da ya ce sai bayan jarrabawa. Kwana bakwai na sauraro da na ce maka ba sa bukatar jita, kana iya mai da su kwana saba'in. Ka lura kuma da waƙar da za ka fara kaɗawa a tsakar gida. Waƙar yabon mace a bakin yaro ɗan shekara 17, a gaban ubansa, ba za ta taimake ka ba. Akwai na noma, akwai na zaman duniya, irin su waƙar "Karen Mota" ta Ɗan Maraya, wadda ta ɗaga darajar mai ƙaramin aiki.

Kai kuma ɗan'uwana, uban yaron, in mujallar nan ta kai hannunka, na san za ka gane gidanka ne, ka gafarce ni da shiga abin da ba a kira ni ba. Ba ni da ikon gaya maka yadda za ka riƙe ɗanka. Abu ɗaya kurum na lura da shi. Shekarun nan duka da jitar ta yi a rataye, ba ka kai ta kasuwa ba, ko a shekarar ruwa da aka sayar da abin da aka samu don a ci abinci. Yaron da yake so ya koyi kiɗan da uwarka take ƙauna, domin ya kaɗa mata a tsakar gida, bai kama hanyar Kano ba tukuna. In ka ga dama, ka ba shi minti 20 ɗin nan bayan cin abincin dare, a inda idonka yake ganinsa.

Ɗana, ka rubuto mini bayan girbin shinkafa, ka gaya mini abin da tsohuwa ta ce. Wata mai zuwa za mu duba wasiƙar wata uwa daga Malam Madori a kan yaran da suke ƙin cin tuwon dare.